Daga Albarushi Zuwa Albarusai: Tarihin Ɗurin Bindiga a Yammacin Ƙasar Kano

Duk wanda ya saurari labarun rediyo da Hausa zai ji ana cewa jami'an tsaro sun kama bindigogi kaza da albarusai kaza, har a faɗi adadinsu ɗaya bayan ɗaya. Da a ce wani maharbi na zamanin Sarkin Kano Alu zai ji wannan magana, da ta ɗaure masa kai, domin kuwa a wurinsa albarushi gari ne baƙi wanda ake aunawa, ba a ƙirga shi, kamar yadda ba a ƙirga gero. Kalmar ta tashi daga sunan garin da ake ɗurawa ta koma sunan harsashin da aka riga aka haɗa aka rufe a masana'anta. Manufar wannan takarda ita ce ta bi sawun wannan sauyi, ta nuna cewa ba sauyin ma'ana kaɗai ba ne. Akwai wani ilmi da ya fita daga hannun maharbi da maƙeri ya koma hannun wasu, kuma harshe ya riƙe alamar fitarsa. Za a dubi al'amarin ta fuskar yammacin ƙasar Kano, watau Jajaye da Zarewa da sauran garuruwan Rogo da Ƙaraye, inda Kano ta yi iyaka da Katsina da Zazzau.

Kalmomi uku da suka fi muhimmanci a wannan fage duk aro ne daga Larabci. Bindiga ta fito daga bunduƙiyya, harsashi daga rasas, watau dalma, albarushi kuwa daga barud, tare da harafin al- wanda ya manne masa kamar yadda ya manne wa alƙalami da alƙali da alkama. Harafin s da ke komawa sh a gaban wasalin i ko e tsohuwar ƙa'ida ce ta Hausa, ita ce ta ba mu fasa da fashe, ita ce kuma ta ba mu harsashi da harsasai, albarushi da albarusai. Amma dalin Larabci da ya rikiɗe ya zama s alama ce ta kalmar da ta daɗe tana yawo a bakin fatake kafin ta iso, ba wadda malamai suka ɗauko daga littafi ba. Abin lura shi ne aikatan da ke tafiya da waɗannan sunaye ba aro ba ne. Bahaushe ya ɗauko harba da ɗana daga baka da kibiya, ya ɗauko ɗura daga yadda ake ɗura wa jariri ruwa ko a ɗura man gyaɗa a kwalba. Ƙarfen da ake ja a saki ya kira shi kunama, saboda lanƙwasarsa da harbinsa. Dutsen da ke ba da tartsatsi ya bar masa sunansa na ƙanƙara, wanda ya sani tun daga ƙyastu. Watau kayan baƙi ne, amma aikin da ake yi da su na gida ne, kuma wannan shi ne matsayin bindiga a ƙasar Hausa har ƙarshen ƙarni na 19.

Bindiga ta daɗe a Barno kafin ta zauna a Kano. Ahmad Ibn Fartuwa ya ambaci 'yan bindigar Turkawa a rundunar Mai Idris Alooma tun cikin ƙarni na 16. Littafin Tarihin Kano ya ambaci bindigogi a cikin kayan da Dagaci ya zo da su daga Barno a zamanin Sarki Dauda, watau farkon ƙarni na 15, amma wannan ya yi wuri ƙwarai, ya fi kama da marubucin baya da ya ƙawata labari da abin da ya sani a zamaninsa. Maganar da ta fi ƙarfi ita ce ta zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, inda littafin ya ce an kawo garkuwoyi da bindigogi daga Nufe, da kuma ta Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, wanda aka ce shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. A lura da hanyar: daga kudu ne, ta Nufe, daga jiragen Turawa da ke bakin teku. Irin wannan doguwar bindiga ce Turawa ke kira da sunan mutanen Danmak, waɗanda ke sayar da ita a gaɓar Ankara, mu kuwa muke ce mata bindigar toka ko adaka.

Duk da haka bindiga ba ta ci yaƙin jihadi ba. A Tabkin Kwatto a 1804 baka da kibiya ne suka yi aiki a ɓangaren jama'ar Shehu. Ruwayar da ta shahara cewa Sarkin Gobir Yunfa ya nufi Shehu da bindiga a fadarsa, wutar ta dawo ta ƙone shi, mutane na karanta ta a babin karama, amma tana kuma nuna irin amincin da makamin yake da shi a lokacin. Da Clapperton ya halarci yaƙin da Sarkin Musulmi Bello ya kai wa Gobirawa a Konya a 1826, bindigogi 42 kacal ya ƙirga a cikin dubban mayaƙa. Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya kiyasta ruwan takubba 50,000 ke shigowa kasuwar a shekara, amma ya ce bindigogi kaɗan ne, ko da yake masu araha sun fara shigowa ta Nufe. Sai a rabin ƙarshe na ƙarnin ne sarakuna suka mai da hankali gare ta, kuma a Kano suka damƙa ta a hannun bayin sarki, ba hakimai ba, saboda dalilin da ba ya bukatar dogon bayani.

Yammacin Kano a wannan zamani bakin daga ne. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa a 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya fito ne daga wannan yanki sosai, domin Karo ƙauye ne kusa da Zarewa, Zarewa kuwa yau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Rogo, kamar Jajaye. Abin da ya cika farkon labarin shi ne hari: mahara su faɗo wa rinji, a kwashe mata da yara da bayi, sauran su gudu cikin gari mai ganuwa, daga baya a bi sawu da kuɗin fansa. Wanda ya karanta shi da idon neman makamai zai ga cewa abin da talaka ya dogara da shi ganuwa ce da ƙofa da saurin ƙafa. Bindiga kayan fada ce, ba ta zama kayan ƙauye ba tukuna.

To, me ake ɗurawa? Albarushi haɗin abu uku ne: gawayi, da farar wuta, da wani irin gishiri da ke tsatsowa a tsofaffin bangaye da turakun dabbobi da ƙasar da ta daɗe tana shan fitsari. Gishirin nan shi ne kashi mafi yawa, wajen uku bisa huɗu na nauyin haɗin a ma'aunin Turai. Biyu daga cikin ukun ana samunsu a gida, farar wuta ce ake jira daga ayarin Tarabulus. Saboda haka sana'ar ba ta gagari mutanenmu ba. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa an riƙa yin albarushi a Zinder, har maƙeransa suka zuba igwa, kuma da wannan gado ne Damagarawa suka tsorata Kano a ƙarshen ƙarnin, zamanin Ahmadu Kuran Daga da Sarki Alu. Albarushin gida bai kai na kanti ƙarfi ba, yana jan danshi da damina, yana barin dauɗa mai yawa. Amma yana da wata siffa da ta sa ya dace da hannun mutum: yana da haƙuri. Ana auna shi da ido, ko da tafin hannu, ko da ɗan ƙaho ko guntun gora, a zuba ta baki, a tura tsumma, a daka da sanda, a sa dalma ko guntayen ƙarfe, a sake tura tsumma. In an ɗan zarce, bindiga ta yi harbin baya ta bugi kafaɗa, hayaƙi ya ƙaru. Maharbi kan rage ɗuri in zabo ya nufa, ya ƙara in gada ce ko gwanki. Shi ke da hukuncin kowane harbi, kuma wannan hukunci shi ne ilmin da uba ke koya wa ɗa tare da sanin sawu da iska da tsari.

Akwai wani ɗan lokaci, tsakanin wajen 1870 da 1900, da ya kamata masana tarihinmu su ƙara dubawa. A lokacin ne bindigogin da ake ɗurawa ta baya, masu cin harsashi mai kwanson tagulla, suka fara shigowa Afirka ta Yamma. Abin da ke cikin kwanson nasu har yanzu baƙin albarushi ne. Ma'anar wannan ita ce wanda ya tsince kwanson bayan harbi yana iya sake cika shi. Maƙeran Samori Ture, wanda Faransawa suka kama a 1898, sun yi haka, har sun ƙera kwaikwayon bindigar Faransa mai suna Gras. Mutanen Rabe ma a Dikwa suna yin albarushi suna sake ɗura kwanso. Da fasahar Turai ta tsaya a nan shekara hamsin, da tazarar da ke tsakaninmu da su ta ragu ƙwarai. Ba ta tsaya ba.

A 1884 wani masanin Faransa, Paul Vieille, ya gano yadda za a sarrafa audugar da aka jiƙa da ruwan asid ta zama garin harbi mai ci a hankali maimakon fashewa gaba ɗaya. Faransa ta sa shi a bindigarta ta Lebel a 1886. Alfred Nobel ya fito da nasa a 1887, Ingilishi kuma, ta hannun Abel da Dewar, suka fito da kodayit a 1889, wanda ake yi kamar siraran igiyoyi. Bambancinsa da albarushi babba ne. In baƙin albarushi ya ƙone, fiye da rabinsa ba ya zama iska, toka ce da hayaƙi. Sabon garin kuwa kusan dukkansa iska yake komawa, saboda haka kaɗan daga cikinsa ke yin aikin mai yawa, harsashi ya fi gudu, ya fi nisa, mai harbi yana ganin abin da yake harbi, kuma ba a gane inda yake ɓoye. Bindiga mai ruwa, watau Maxim, wadda dauɗar albarushi ke toshewa, sai ta sami abincin da ya dace da ita. Amma wannan gari ba a yinsa a zaure. Yana bukatar masana'antar asid da injuna da ma'auni mai ganin abin da ido ba ya gani.

A daidai wannan lokaci ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Birasels, ranar 2 ga Yuli 1890. Da sunan hana cinikin bayi aka hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsasansu a faɗin yankin da ya kama daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, aka bar musu bindiga mai ƙanƙara da albarushin kanti. Ko mene ne nufin waɗanda suka rubuta ta, sakamakonta a fili yake: an tsai da agogon wani ɓangare, na ɗaya ɓangaren yana tafiya.

An ga amfanin wannan a 1903. Kanar Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairu da sojoji baƙar fata sama da 700, da yawansu Hausawa ne, da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4, ya bi ta Bebeji, gabas da ƙasar Ƙaraye, ya fasa ƙofarta da igwa, ya shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Bindigogin sojan suna cin harsashi mai lamba .303 wanda aka ɗura da kodayit. Adaka ba ta da tabbas in abin harbi ya wuce taki ɗari, kuma kowane harbi yana tona asirin mai ita da farin hayaƙi, sa'an nan ya tsaya tsaye yana dakan wani ɗurin. Daga nan ne sunan nan na ba'a, harba-ka-ruga, ya sami gindin zama. Haka aka yi a Kwatarkwashi, da Sakkwato ranar 15 ga Maris, da Burmi a watan Yuli. A Satiru a 1906 talakawa masu gatari da fartanya sun karya rundunar farko har suka ƙwace bindiga mai ruwa, ba ta kuwa amfane su da kome ba, bayan wata guda aka shafe garin.

Abin mamaki shi ne zamanin Turawa ne ya sauko da adaka daga fada zuwa ƙauye. Da hari ya ƙare, aka fita daga ganuwa aka sari daji, bukatar manomi ta zama korar biri da gyado daga gona, da neman nama da rani. Kamfanonin ciniki suna sayar da albarushi, hukuma tana karɓar kuɗin lasin, maƙeran gida kuma suka koyi ƙera bindigar da kansu, daga baya har da bututun ruwa da sandar sitiyarin mota a matsayin baki. Dokar makamai ta 1959, wadda aka gada bayan mulkin kai, ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, da na kai irin bindigar harbin tsuntsu masu bukatar lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda, da masu ɗuri ta baki waɗanda aka bar al'amarinsu a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta kuma hana ƙera bindiga ko harsashi ba da izini ba. Harsashin zamani kuwa ya zama aikin gwamnati, musamman bayan kafa masana'antar kayan tsaro a Kaduna a 1964. Tsarin Birasels ke nan ya sake tufafi: talaka da gari mai hayaƙi, hukuma da marar hayaƙi.

A nan ne ya kamata a kwatanta da wasu ƙasashe, domin a ga cewa sabon garin bai hana mutum ɗura harsashinsa ba a ko'ina. A Amurka sake ɗura kwanso sana'a ce ta sha'awa da dubban maharba ke yi a gida bisa doka. Kamfanin DuPont ya fito da wasu daga cikin jerin garin da ake kira IMR a shekarun 1930, wasunsu har yau ana amfani da su, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma wani ɗan kasuwa, Bruce Hodgdon, ya sayi ragowar garin soja ya riƙa sayar wa maharba. Amma mai ɗurin can ba da tafin hannu yake aiki ba. Yana da sikeli mai auna abin da bai kai kashi ɗaya bisa ɗari na giram ba, yana da littafin da masana'anta ta buga bayan gwaji, wanda ya faɗi nauyin da ya dace da kowane irin gari da kowane kwanso da kowane harsashi, domin gari biyu masu kama ɗaya a ido suna iya bambanta ƙwarai wajen saurin ci. Watau ko a can hukuncin ya bar hannun maharbi ya koma takarda. Bambancin kawai shi ne su an ba su takardar.

Akwai kuma maganar tsufa. Baƙin albarushi in bai jiƙe ba yana shekaru masu yawa bai canja ba, domin haɗi ne na abubuwa uku da ba sa cin juna. Marar hayaƙi kuwa yana ruɓewa da kansa a hankali, zafi yana gaggauta ruɓewar, ya fara wari mai yaji, ya fitar da ƙura ja kamar tsatsa, a ƙarshe yana iya kama wuta ba wanda ya taɓa shi. Faransa ta yi hasarar manyan jiragen yaƙi biyu a tashar Tulon ta wannan hanya, Iéna a 1907 da Liberté a 1911, da rayuka ɗaruruwa. Wanda ya san zafin ɗakin kwano a Rogo cikin watan Afrilu zai gane abin da wannan ke nufi ga tsohon harsashin da aka ɓoye a ƙarƙashin gado.

Haɗarin da ya fi kusa da mutanenmu shi ne inda ilmin biyu suka gamu. Maharbin da ya gaji awon kakansa, in albarushi ya yi wuya ya fasa harsashin zamani ya juye garinsa a adaka, ya auna shi da ƙahon da ya saba, to ya ɗura wa bututun ruwa abin da aka yi domin ƙarfen da aka gwada a masana'anta. Bututun ba ya harbin baya ya yi gargaɗi, tsagewa yake yi, a daidai inda hannun hagu da fuska suke. Masu ƙera bindigar ɗuri ta baki a Turai da Amurka suna buga gargaɗin haka a jikin ƙarfen. Maƙerinmu ba ya bugawa, harshen ma bai taimaka ba, tun da kalma ɗaya ce, albarushi, ke ɗauke da garin biyu da kuma harsashin da ke ƙunshe da ɗayansu. A ganina wannan aiki ne da ya rataya a wuyan masu tsara ƙamus da masu fassarar labarai: a bar wa baƙin gari sunansa na albarushi, a ce garin harsashi ga marar hayaƙi, a daina jam'in albarusai inda harsasai ake nufi. Ba tsabtace harshe ake nema ba, yatsun mutane ake ji.

Daɗin daɗawa, matsayin mai adaka ya sake canjawa a 'yan shekarun nan. Dajin da ya rage ba shi da naman da, amma yana da ɓarayin shanu da masu satar mutane, riƙe da bindigogin soja, kuma maharba da 'yan sintiri ake turawa gabansu da bindigar da Babba Zaki zai gane in ya gan ta. Tazarar 1903 ce ta dawo, sai dai yanzu duka ɓangarorin 'yan gida ne. A wani gefen kuma, wanda bai san adaka ba yana ganinta bindiga kawai. A watan Maris 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan jihar Kano a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyar komawa gida hutun Salla, bayan an ga bindigogin toka a motar da suka hau.

Wuri ɗaya ne baƙin albarushi bai rasa darajarsa ba, watau fada. 'Yan bindigar sarki da ke harbi a hawan Salla, ko a daren ganin wata, ba dalma suke sawa ba, ƙara da hayaƙi ake bukata, hayaƙin nan kuwa shi ne Vieille ya nemi ragewa. A masarautar Ƙaraye, wadda dokar jiha ta 2024 ta mayar mai daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta, da Kano, da Katsina, da Zazzau, har yanzu akwai mutanen da ke zuba gari ta baki, su tura tsumma, su daka. Su da tsofaffin maharban ƙauyuka irin Jajaye ne suka rage da sunayen sassan bindigar, da na ma'aunin, da na irin itacen da ake zaɓa domin gawayi, da kirarin da ake yi kafin a ja kunama. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham sun kama wani abu daga ciki, amma an tattara su ne a lokacin da kowa ya san abin, ba a ga dalilin bayyana shi filla-filla ba. Ɗalibin da ke neman batun digiri na biyu, in ya ɗauki rakoda ya nufi kasuwar Rogo ranar da take ci, ya tambayi rumfar maƙera, zai sami wanda zai nuna masa gidan sarkin baka.